Ta Yaya Zan Adana Labarin Kakata da Tarihin Garinmu?

Tambaya: Wani malamin makarantar sakandare daga wani ƙaramin gari a ƙasar Katsina ya rubuto cewa kakarsa ta wajen uwa ta haura shekara tamanin, dattawan garin suna ta raguwa, kuma babu wani abu a rubuce game da garin in ban da jerin sunayen waɗanda suka yi dagaci. Yana son ya adana labarin rayuwar kakar tare da tarihin garin, amma wayar hannu kawai ya mallaka, bai san ta inda zai fara ba, kuma yana tsoron kada ya tara labaran da masana za su ce ba su da tushe.

Amsa: Malam, wayar da ke hannunka ta isa, kuma shawarata ta farko ita ce ka fara da kakarka a cikin makon nan, kada ka jira tallafin wata hukuma ko sayen na'ura mai tsada. Kayan aiki ana inganta su a hankali, amma tsohuwar da ta haura tamanin tana iya kwana lafiya ta wayi gari da mantuwa ko nauyin baki, daga ranar kuwa abin da ke kanta ya rufe ke nan. Tsoron da kake yi na rashin tushe shi ma yana da magani, kuma a kansa zan fi tsayawa. Labarin baka yana rasa darajarsa ne idan ya rabu da bayanin wanda ya faɗe shi, da ranar da ya faɗa, da hanyar da shi mai faɗin ya same shi. Idan waɗannan ukun suna tare da shi, babu masanin da zai raina shi.

Ina so ka san cewa aikin da ka ɗauko yana da magabata. Tsakanin watan Nuwamba na 1949 da Janairun 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a ƙasar Zazzau da wata tsohuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, ta rubuta labarin rayuwarta kamar yadda take faɗa, aka kuma buga fassararsa ta Ingilishi a 1954. Baba ba ta yi sarauta ba, ba ta shiga makarantar boko ba, amma har yau duk mai neman sanin zaman rinji, wato ƙauyen bayi manoma, da farmakin masu kamun bayi, da aure da saki, da ƙawance, da riƙon 'ya'ya a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, sai ya bi ta kan maganarta. Ta rasu a 1951, wato da an yi jinkirin shekara biyu da ba a samu ko kalma ɗaya ba. Kafin ita akwai Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram, wanda ya bi matafiyi Bajamushe Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya faɗa wa J. F. Schön, wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, labarinsa da Hausa, aka buga a 1885. Ka kwatanta waɗannan da tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya taso daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello. Wannan kundi babbar taska ce, sai dai sarakuna da yaƙe-yaƙe da manyan baƙi ya bi. Jerin dagatan garinku ƙanensa ne, kuma abin da ya bari a baya, wato abin da mutane suka ci, da abin da suka saƙa, da abin da ya kore su daga tsohon mazauni, yana bakin irin su kakarka.

Kasancewarka jika babbar dama ce. Da uwarka ce ta zauna tambayarta, musamman idan ita ce 'yar fari, kunya za ta hana rabin maganar fita, amma tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma a cikin wasan ake faɗin abin da ba a faɗa wa 'ya'ya. Duk da haka akwai iyaka. Ba za ta ambaci sunan mijinta na fari ba, ba za ta kira sunan ɗanta na fari ba, za ta ce Malam, ko Maigida, ko ta yi amfani da laƙabi. Kada ka matsa mata, ka nemi sunayen a wajen wani dattijo na gidan ka rubuta su a littafinka. Maganar haihuwa da jego da zaman kishi kuwa, ka nemi ƙanwarka ko matarka ta riƙe wayar, kai ka ba su wuri, domin akwai abin da mace ba ta faɗa a gaban namiji ko da jikanta ne.

Kuskuren da masu fara wannan aiki suka fi yi shi ne su ce wa tsoho, ba ni tarihin garin nan. Amsar da za ka samu ita ce ko dai ya ce shi bai san tarihi ba, ka je fada, ko kuwa ya karanto maka labarin da kowa ya haddace. Ka tambayi abin da hannunta ya taɓa. A wace rijiya kuke ɗiban ruwa kina yarinya, kuma wa ya haƙa ta? Me aka sa miki a kayan ɗaki, tasoshi ne ko ƙore, nawa aka ba da sadaki, da wane irin kuɗi? Wa ya koya miki kaɗi, ina ake kai zaren, wa yake saye? Wace waƙa kuke yi in kuna niƙa ko daka? Idan ta tuna waƙar, ka roƙe ta ta rera, domin waƙar niƙa da ta gaɗa sukan riƙe sunayen mutane da na wurare da habaicin abubuwan da suka faru, waɗanda ita kanta mai rerawar ta manta asalinsu. Idan ta yi shiru kada ka cike shirun da wata tambayar, sau da yawa tunani take haɗawa, kuma abin da ke biyo bayan shirun ya fi abin da ya gabace shi. Idan ta bar hanya ta shiga wani labarin ka bi ta, daga baya ka dawo da ita. Zaman awa ɗaya ya wadatar, ka maimaita shi sau da yawa, domin tsofaffi sukan kwana suna tuno abin da aka tambaye su, washegari su tare ka da gyara ko ƙari.

Yanzu ga maganar tushe. Malaman hadisi sun riga sun shimfiɗa mana hanya, domin ba su karɓi magana ba sai da isnadinta, kuma wannan ladabi shi nake so ka ɗauka. Kafin kowace hira, da zarar ka kunna naɗin murya, ka faɗi kwanan wata na boko da na Musulunci, da sunan garin da unguwar, da sunanka, da sunan mai ba da labarin da na mahaifinsa da sana'arsa, da sunayen duk waɗanda suke zaune a wurin. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin abin da mutum zai faɗa a gaban ɗan dagaci ya bambanta da abin da zai faɗa idan ku biyu ne. Sa'an nan a duk lokacin da aka ba ka wani labari, ka tambaya cikin ladabi ko da idonsa ya gani ko ji ya yi, idan kuwa ji ya yi, daga bakin wa, shi wancan ɗin kuma ganau ne ko jiyau. Kakarka ganau ce a kan farin 1973, amma a kan zuwan Turawa a 1903 jiyau ce, wataƙila daga kakarta wadda ta gani. Duka biyun abin adanawa ne, sai dai nauyinsu ba ɗaya ba ne, kuma wanda zai saurari faifan bayan shekara hamsin ba shi da hanyar bambance su idan kai ba ka tambaya ba.

Shekaru su ne suka fi ba da wahala, domin tsofaffinmu ba da lambobi suke riƙe lokaci ba, da aukuwa suke riƙe shi. Saboda haka ka tanadi jerin manyan abubuwan da shekarunsu suka tabbata, ka riƙa auna labari da su. A ƙasar Katsina, Sarki Muhammadu Dikko ya hau a 1906 ya rasu a 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981. Yunwar da aka fi sani da Kakalaba ta auku a 1913 zuwa 1914, wadda ake ce wa 'Yar Gusau kuma a 1942, ko da yake sunan yunwa yakan sauya daga gari zuwa gari, don haka ka rubuta sunan da mutanenku suke kiran kowace. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956, an sami mulkin kai a 1960, an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairun 1966, an yi canjin hannun tuƙi a 1972, an koma naira da kwabo a farkon 1973, an fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, an soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, an kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. A tsallaken iyaka, mutanen Nijar suna kiran yunwar 1984 da sunan El-Buhari saboda rufe iyakar da aka yi a lokacin. Da irin wannan jeri, maimakon ka tambayi shekarar haihuwarta, sai ka ce, lokacin da Sarauniya ta zo kin isa talla ko an riga an yi miki aure? Lokacin canjin kuɗi wa kike goyo? Amsa biyu ko uku irin waɗannan sukan tsayar da shekarun mutum da kusanci mai kyau. Ka kuma tuna cewa wanda yake ƙirga shekarunsa da azumi yana ƙirgawa ne da shekarar wata, wadda ta gaza ta rana da kwana goma sha ɗaya, har shekara 33 ta Hijira ta zama kusan 32 ta boko. Idan ka ga shekarar Hijira a takarda, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622, za ka sami ta boko ko kusa da ita. A rubutunka kuwa ka bambanta shekarar da aka faɗa maka da wadda kai ka ƙiyasta, ka kuma rubuta dalilin ƙiyasin.

Idan ka juya ga tarihin gari, ka fara da gaisuwa a fada da wajen liman, ka bayyana nufinka, domin ba a shiga irin wannan aiki ta bayan gida. Amma kada ka tsaya a nan. Ka je wa maƙera, da masaƙa, da masu rini idan akwai sauran karofi, da mahauta, da wanzamai, da ungozoma, da sarkin noma, da Fulanin da suke mashekari a gefen gari, da maroƙan gidan sarauta, waɗanda kirarin da suke yi yakan adana jerin iyaye da kakanni fiye da yadda 'ya'yan gidan suka riƙe shi. Ka nemi zuriyar fataken da suka yi Gwanja neman goro, da gidajen da wani nasu ya tafi hajji a ƙasa ya zauna a Sudan bai dawo ba. Ka ɗauki dattijo guda ku taka zuwa kufai, da ragowar ganuwa, da tsohuwar maƙabarta, da matattun rijiyoyi, kana naɗar muryarsa kana ɗaukar hoto, domin wuri yana tayar da tunanin da zaure ba ya tayarwa. Zaman taron dattawa yana da amfani wajen tuno sunaye, sai dai a taro babba ne yake magana saura su gyaɗa kai, don haka ka bi kowa gida daban. Wannan aiki ya fi sauƙi bayan an gama girbi, lokacin da mutane suke da sukuni. Garuruwan da rashin tsaro ya tarwatsa kuwa su ya kamata a fara bi, domin dattawansu suna warwatse a gidajen dangi, kuma wuraren da za su nuna da hannu ba sa kaiwa gare su.

Za ka tarar da ruwayoyi masu karo da juna, musamman a kan wanda ya fara saran gari. Gidan sarauta za su ce kakansu ne, maƙera ko maharba za su ce an tarar da su. Kada ka zama alƙali, kada kuma ka narkar da ruwayoyin su zama ɗaya, ka ajiye kowace da sunan mai ita, domin saɓanin kansa yana nuna wanda ya riga zuwa da wanda ya zo ya karɓi mulki. Ka lura da cewa jerin kakanni yakan gajarce, a tsallake waɗanda ba su daɗe ba ko waɗanda aka tuɓe. Ka lura kuma da labarin da ya fito daga littafin makaranta ko rediyo ya koma bakin tsoho, har ya ɗauka gadonsa ne. Tambayar daga wa ka ji ita ce take tona wannan. Tun da a ƙasar Katsina kake, akwai wani abin da ya shafe ka kai tsaye: bayan jihadi, zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe sun koma Maraɗi, aka kuma yi ta yaƙi tsakanin ɓangarorin biyu cikin ƙarni na 19, har sunan Ɗan Baskore, sarkin Maraɗi, ya zauna a bakin mutane. Garuruwa da yawa sun tashi ko sun yi ganuwa a dalilin wannan, kuma labari ɗaya yana da fuska biyu, ta Katsina da ta Maraɗi. Idan garinku yana da dangi a can, ka ji tasu fuskar.

Bayan ka tara na baka sai ka nemi na takarda. Ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin zamanin Turawa, ciki har da rahotannin ƙiyasin haraji na gundumomi, waɗanda sukan ƙunshi sunayen ƙauyuka, da yawan magidanta, da sana'o'i, da taƙaitaccen tarihin hakimai. Ka sani cewa Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, sa'an nan Lardin Zariya har 1934 da ta zama lardi mai zaman kansa, saboda haka takardun garinku suna iya kasancewa a cikin fayilolin larduna uku. Gidan Arewa da ke Kaduna, tsohon gidan Sardauna wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma wurin zuwa ne, haka Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina. A Yamai akwai cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 musamman don tarihin baka. Rahoton Bature ka karanta shi da irin idon da ka saurari tsoho da shi, domin ta bakin tafinta ya ji, daga fada ya ji, kuma haraji ya zo ƙirgawa, lokacin da kowa yake ɓoye yawan iyalinsa da dabbobinsa.

Akwai amana a cikin wannan aiki, kuma ina roƙonka ka riƙe ta da ƙarfi. Za a faɗa maka asalin bautar wasu gidaje, da rigimar gona, da yadda aka ƙwace sarauta, da abin kunyar wanda jikokinsa suke raye. Ka nemi izinin mai magana a cikin naɗin kansa, ka gaya masa inda muryar za ta je, ka tambaye shi ko akwai abin da ba ya son a fitar yana raye. Abin da zai tozarta wani gida ka adana shi a rufe, kada ka goge shi kuma kada ka watsa shi. A halin da ake ciki na rashin tsaro, kada ka sa a Facebook wani bayani da zai nuna dukiyar mutum ko inda yake kwana. Ka je wa tsoho da goro ko sabulu ko turare kamar yadda aka saba, amma kada ka sa wa labari farashi, domin labarin da ake biya yakan yi ta tsawo.

Ta fuskar naɗi, ka toshe shigowar kira kafin ka fara, ka ɗora wayar a kan matashi kimanin kamu ɗaya daga bakin mai magana, ka kashe fanka, ka guji lokacin da injin niƙa ko janareta yake aiki, ka kuma gwada minti ɗaya ka saurara. Idan manhajar ta ba da zaɓi ka naɗa a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti. Awa ɗaya mai inganci sosai tana iya cin gigabait guda, kuma ta cancanci wurin. Kada ka dogara da saƙon murya na WhatsApp, domin yana rage ingancin sauti. Kowane fayil ka sa masa suna da shekara da wata da rana da sunan mai magana a ranar da ka naɗe shi. Ka ajiye kwafi uku, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wata ma'ajiya daban da za ta zauna a wani gida, ɗaya a intanet, kuma wani amintacce a danginku ya san kalmar sirrin. Waya tana faɗuwa, ana sace ta, katin ajiya kuma yana mutuwa ba sallama.

Juyar da murya zuwa rubutu shi ne aiki mafi nauyi, domin awa ɗaya ta hira takan ci awa shida ko fiye. Ka rubuta yadda aka faɗa, da Katsinancinta, kada ka mayar da shi daidaitacciyar Hausa, kuma kalmar da ba ka gane ba ka koma ka tambaya tun mai ita yana nan. Bayaninka da fahimtarka su zauna a wani shafi daban. Tsofaffin takardun gida, irin su wasiƙun ajami, da rasit ɗin haraji, da fasfon hajji, da gefen littattafan malamai inda akan rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa, ka ɗauki hotonsu gaba da baya a inuwa mai haske ka mayar wa masu su. Kada a liƙe su da salatif, kada kuma a yi musu lamineshin, domin zafi da gam suna lalata takarda kuma ba a iya warware su. A sa su cikin farar takarda, a akwatin ƙarfe da aka ɗaga daga ƙasa saboda gara da laima. Tsohon hoto kuwa ka nuna wa tsofaffi su faɗi waɗanda ke ciki, ka rubuta da fensir a bayansa.

Idan aikin ya fara kauri, ka buga abin da aka yarda a fitar, ko da shafi talatin ne, ka karanta wa waɗanda suka ba da labarin su ji. Za su yi gyara, kuma gyaran shi ma ka naɗe shi a matsayin sabuwar hira mai kwanan watanta, ka bar ta farko yadda take. Ka ba iyalan kowane mai magana kwafin muryarsa, ka ajiye ɗaya a makarantarku, ka kuma kai ɗaya sashen tarihi ko na Hausa na jami'ar da ta fi kusa da ku, tare da rubutaccen sharaɗi a kan abin da za a buɗe wa masu bincike yanzu da abin da zai jira. Ɗalibanka na babban aji suna iya ɗaukar rabin aikin idan ka koya musu gabatarwar farkon naɗi da tambayar ganau ko jiyau, ka tura kowannensu wajen kakarsa ko kakansa a hutun ƙarshen zango.